Mainasara da Kwatar Amurka

Duk wanda ya taɓa shan shayi a bakin kasuwar Yelwa ya san Mainasara. In bai ga fuskarsa ba to ya ji muryarsa, don ba ya magana sai ta tsallaka titi. Sunansa na yanka Nasiru, amma tun yana saurayi ya hana a kira shi haka, wai Mainasara ya fi dacewa da tarihinsa. Tarihin kuwa kowa ya san shi. Ya yi kabu-kabu, ya shige rumfar mai tsire da babur da fasinja. Ya yi kiwon kaji, ya ɗura musu maganin ƙarin jini na mutane don su yi saurin girma, suka kwana ƙafafu a sama. In an tambaye shi sai ya ce ba faɗuwa ya yi ba, garin ne bai kai matsayin fahimtarsa ba.

Gidan dai matarsa Mansura ce ke riƙe da shi. Takan sayi tarwaɗa da ƙarfasa a bakin ruwa ta banda su, fatake daga Zuru da Kwantagora su zo su ɗauka kwali-kwali. Shi kuwa aikinsa ya zura babbar riga ya fita neman inda zai yi bayani.

Wata safiya ya faɗo rumfar Dauda mai ɗinkin koma, abokinsa tun na ƙuruciya, yana ɗaga waya sama kamar wanda ya kamo ɓarawo.

"Dauda, aje zaren ga. Talauci ya ƙare."

"Na wa?"

"Nawa dai. Naka sai mun gani."

Ya danna masa wayar a hanci. Bidiyo ne na wani mai fassara labaran duniya da Hausa, ga wani Bature da farar safar hannu yana riƙe da ɗan kuɗin azurfa kamar mai riƙe da ƙwai.

"Kwata ake ce mata," in ji Mainasara. "Kwatar Amurka."

"Wace kwata? Ta mahauta, ko ta jirage, ko wadda ke bayan gidanku mai wari?"

"Jahilci dai bai yi ba. Rubu'in dala ne, na azurfa, tun na shekaru ɗari biyu. Ka san da can mutum ke sassaƙa hatimin ƙarfe da hannu, a riƙa buga shi bisa azurfa. To in mai sassaƙa ya yi kuskure, duk kuɗin da anka buga da hatimin sai su hito da kuskuren. Duba wagga. Shekarar 1823 ce, amma ukun ta hau bisa biyu, don sun yi ƙyuyar sassaƙa sabon hatimi. Turawa na kashe kansu a kanta."

Dauda ya ciji zare ya tofar. "Wato kuskure suke saye?"

"Kuskure suke saye."

"To kai mi za ka yi da kwabo? Ka kai kanka su saye ka gaba ɗaya."

Mutanen rumfa suka kwashe da dariya. Mainasara ya dube su da tausayi.

"Ku yi ta yi. Turawa nawa sunka bi Kwara ta nan tun zamanin kakanni? Da mi sunka sayi kaji da ƙwai, da tsakuwa? Kuɗin nan suna cikin garin ga, cikin adudun tsohuwa da ƙarƙashin gado. Masani kawai anka rasa, ga shi kuma ya samu."

Abin da bai faɗa ba shi ne, bidiyon bai kai rabi ba datarsa ta ƙare. Duk iliminsa na wannan fanni uku ce a kan biyu. Da ita ya zama masani.

Ya sayi gilashin ƙara girman abu a wurin mai gyaran agogo, ya rataya a wuya. Aka yi dace Mansura ta tafi Shanga gaisuwar rasuwa, sai ya buɗe ɗakin ajiyarta, ya jawo kwalayen banda zuwa ƙofar gida, ya sa aka yi shela cewa duk mai tsohon kuɗi ya kawo a musanya masa da kifi.

Yelwa ba ta taɓa ganin ciniki mai albarka irin wannan ba. Tsofaffi suka zo da anini mai huda da kwabon zamanin Turawa. Masu zuwa Nijar suka kawo sefa. Wani bakanike ya kwaso washa ta babur ya jiƙa ta da baƙin mai. Wata mata ta daka marafan kwalba a turmi har suka baje, ta ce a ɗakin kakarta ta tono su. Mainasara ya zauna a kujera, ya ɗora ɗaya bayan ɗaya a gwiwa, ya kanne ido ɗaya yana leƙawa.

"Wanga akwai alama," in ji shi. "A ba ta tarwaɗa."

"Wanga hwa?"

"Wanga ya hi. Ba ki ga ya tsage ba? Tsagewa ita ce darajar."

Da jin haka, waɗanda ke bayan layi suka koma gida neman guduma.

Rana ta take. Ya ɗora wani kwabo a cinya, ya riƙe gilashi a samansa, ya shiga yi wa jama'a lacca a kan jahilcin baƙar fata da rashin sanin darajar tarihi. Hasken rana ya bi ta gilashin ya taru wuri guda a kan shaddarsa.

"Malam," in ji wata tsohuwa, "kana hayaƙi."

"Kar ki katse ni, Inna, ina tsakar bayani."

"To ci gaba."

Ya ci gaba har wutar ta huda riga ta huda wando ta iske fata. Ya yi tsalle ya zubar da kwalin kifi, karnukan unguwa suka samu rabonsu ba tare da sun kawo ko anini ba.

Da Mansura ta dawo ta tarar da kwalaye wayam, a tsakar ɗaki kuwa ga bokiti cike da tsatsa. Ko mayafi ba ta cire ba ta nufe shi.

"Malam, ina kifina?"

"Na juya shi."

"Ka juya shi ina?"

"Zuwa jari mai ɗorewa. Kifi ruɓewa yake, wanga kuwa har jikokinki."

Ta sa hannu a bokitin ta ɗago marfin kwalba, har da sauran tambarin lemo a jikinsa.

"Wagga ce Amurka?"

"Ba a gama tantancewa ba."

"Mutanen Zuru na zuwa jibi. In ba su wagga su kai ma matansu su yi miya?"

"Mansura, ranar da za ki shiga jirgin sama za ki tuna maganganun ga ki ji kunya."

"Ni dai jirgin ruwa ya ishe ni, shi ne mai kawo kifi."

Ta sayi kwaɗo ta garƙame ɗakin ajiya, ta ɗaura makullin a haɓar zane. Daga ranar tuwonsa ya koma zuwa da miya lami, ko ƙayar kifi babu.

Da wani ne, da ya tsaya nan. Mainasara kuwa sai ya gano inda matsalar take: kuɗin ba a tudu suke ba, suna cikin ruwa. Lokacin da aka datse Kainji ruwa ya cinye garuruwa, mutane sun tashi a gaggauce, dole sun bar dukiya a ƙasa. Ya ɓalle bayan wata tsohuwar lasifika ya ciro mayen ƙarfe mai faɗin faranti, ya ɗaura masa igiya, ya hau mota sai Wara.

A bakin tafki ya ɗauki hayar jirgin wani Rabi'u, mutum mai ƙarancin magana da yawan kallo.

"Kai ni daidai inda tsohon gari ya nutse," in ji Mainasara.

"Mi ka bari can?"

"Azurfa. Kakanninku sun gudu sun bar ta."

"Kakannina ko tsintsiya ba su bari ba. Har turmi sunka ɗauko."

"Kai tuƙi ka sani. Bar ma masu bincike bincike."

Rabi'u ya ɗaga kafaɗa, ya ce ya jefa wayarsa cikin bokiti kar ta jiƙe, ya tayar da inji. Ganin irin fasinjan da ya ɗauko, bai yi nisa da gaɓa ba, ya yi ta zagaye kusa da inda mata ke wanki, ya ce masa ai nan ne tsakiyar kasuwar tsohon gari.

Ko da tafkin Kainji cike yake da azurfa har baki, mayen ƙarfe ba zai ɗago ko ƙwaya ba, don azurfa ba ta bin sa. Wannan yana cikin rabin bidiyon da data ta cinye, ko kuma yana cikin abin da kowace mai awarwaro ta sani. Mainasara dai ya yi bisimilla ya jefa. Ya jawo gwangwanin madara. Ya sake jefawa ya jawo ƙugiyoyi da sarƙar keke.

"Ka gani? Alamar mutane. Muna kusa."

Ya miƙe tsaye, ya wulwula igiyar bisa kansa don ta yi nisa. Mayen ya zagayo, ya ji ƙamshin ƙarfe na gaske, ya tafi kai tsaye ya manne wa injin Rabi'u da ƙara. Igiya ta bi ta naɗe farfela. Inji ya yi tari ya mutu.

"Wayyo injina!"

"Kwantar da hankalinka, yanzu zan cire."

Ya duƙa ya ja da ƙarfinsa duka. Mayen bai motsa ba, igiyar ce ta tsinke, Mainasara ya tafi da baya ya faɗa ruwa, babbar riga ta buɗe a samansa kamar laima.

"Jama'a na mutu! La'ilaha illallahu! Ku gaya ma Mansura na yahe mata!"

Yana dukan ruwa yana shan sa. Matan da ke wanki suka tsaya da sabulu a hannu suna kallo. Can wata daga ciki ta ɗaga murya.

"Malam! Miƙe tsaye!"

"Ina nutsewa!"

"Miƙe dai!"

Ya miƙe. Ruwan iya cinya. Ya tsaya yana ɗiga, ciyawar ruwa a kunne, hularsa na tafiya Kainji ita kaɗai.

"Na sani," in ji shi. "Zurhin nika aunawa."

Rabi'u ya sa shi ya tura jirgin har gaɓa, shi yana zaune ciki, matan na bin su da guɗa. Labarin ya riga shi isa Yelwa, don direban da ya kawo shi ya komo da wuri.

Cikin wannan hali ne ƙanwarsa Yasira ta haifi ɗa namiji. Mijinta Malam Bello malamin Turanci ne a wata sakandare, mutum mai kunya da girmama surukai. Mahaifiyarsu, Inna Lubabatu, ta zo daga Ngaski don ta kula da mai jego. Mainasara ya je barka, ya tarar Inna na shirin yi wa jariri wanka. Ta kwance wani ƙullin tsumma, ta ciro ɗan baƙin kuɗi ta jefa cikin ruwan.

"Inna, mine ne wancan?"

Da yake ɗan fari ne, Inna ba ta kiran sunansa. "Kai wanga, ba ka san ta ba? Da ita anka yi maka wanka, da ita anka yi mani. Kakan kakana da ya tuƙa jirgi har bakin teku ya zo da ita. Duk ɗan da anka haifa gidanmu sai ta shiga ruwansa har ranar suna."

Ya tsoma hannu ya ciro, ya ɗora gilashi. A gaba ga kan wata mata da hula, taurari sun kewaye ta. A baya ga gaggafa ta buɗe fukafukai. A ƙarƙashin matar an rubuta 1822.

Bayan bokitin tsatsa da ruwan Wara, ga kwatar Amurka ta gaske a cikin bahon jariri. Shekara ɗaya tak ta rage mata ta zama wadda yake nema.

Ya ɗauki hotonta gaba da baya, ya tura wani zauren masu tara tsofaffin kuɗi da ya shiga a intanet, inda a baya ya tura hotunan washa da sefa ba wanda ya tanka masa. Wannan karon ba a yi la'asar ba waya ta yi ƙara. Wani Bature ne, yana magana ta hanci, da sauri. Mainasara ya fita tsakar gida don kowa ya ji.

"Yas. Yas. No furobilem. Yas."

Bai kama komai ba sai kalmar bidiyo. Ya yi ta maimaita "Satide, monin" har Baturen ya amince. Asabar ɗin ita ce ranar suna.

Malam Bello ya matso da ladabi. "Yaya, in ya sake kira ka ba ni in ji mi yake so. Kamar na ji yana ta nanata wani abu."

"Bello, Turancin aji daban, na kasuwanci daban. Na gane shi sarai. Uku yake so bisa biyu."

Ya koma wurin Inna ya ce kuɗin ya yi datti, likitoci sun hana sa irinsa a ruwan jariri, ta ba shi ya wanko mata.

"Mu da munka sha ruwanta ba mu mutu ba."

"Zamani ya canza, Inna. Ƙwayoyin cuta na yanzu sun hi na da wayo."

Ta juya kuɗin a tafin hannu, ba ta so. "Ka maido mani ita yadda take."

"Hiye da yadda take."

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya baje kayan aiki a kan dutsen niƙa. Ya fara da toka da lemun tsami da soson ƙarfe, ya dirje baƙin shekaru ɗari biyu har kuɗin ya yi fari fat kamar sabon cokali, gashin matar ya shafe. Da ya juya baya sai ya ga wani abu da ya ɓata masa rai. A ƙarƙashin gaggafar, inda aka rubuta 25, lambobin sun cakuɗe, kamar akwai wasu a ƙasansu da aka so a ɓoye.

"Ƙazamin aiki," in ji shi. "Wanga zai rage mani farashi."

Ya ɗauko magagari ya goge wurin tas, har ya yi ɗan rami. Sa'an nan ya juyo gaba, ya kafa ƙusa a kan biyun ƙarshe, ya ɗaga guduma zai fitar da uku. Bugun farko ya zame ya tafi da hancin matar. Na biyu ya sauka a babban yatsansa. Na uku ya lanƙwasa kuɗin kamar ɓawon gyaɗa.

Mansura ta leƙo daga wurin banda. "Mi kaka kashewa?"

"Tarihi nika gyarawa."

"Allah ya jiƙan tarihi."

Ya miƙar da kuɗin da guduma, ya ci gaba da sara har wani abu ya fito mai kama da uku in an kalle shi a karkace da kyakkyawar niyya.

Safiyar Asabar ƙofar gidan Malam Bello ta cika. An shimfiɗa tabarmi, ga rago a ɗaure, ga farantan goro da dabino. Mainasara ya gayyaci duk wanda ya taɓa yi masa dariya, wato kusan rabin Yelwa, har Dauda ya rufe rumfa ya zo ya zauna a gaba. Ya aro sabuwar riga, ya naɗe yatsa da tsumma. Farin cikinsa biyu ne, don Malam Bello ya riga ya sanar da dangi cewa sunan babban wan matarsa zai sa wa yaron.

Liman ya gyara zama zai fara addu'a, sai Mainasara ya ɗaga hannu.

"Allah gafarta Malam, a ɗan dakata. Amurka na kan layi."

Ya kifa turmi ya jingina waya a kai, ya ƙure murya. Fuskar wani dattijon Bature ta bayyana, idanunsa ja, da alama bai runtsa ba don can dare ne. Ya riga ya sa farar safar hannu kamar zai miƙo hannu ta cikin wayar. Ya yi magana mai tsawo.

"Ya ce yana gaida Mainasara," in ji Mainasara. "Ya ce ya daɗe yana jin labarina."

"Duk wannan dogon zance?" in ji Dauda.

Liman ya ce, "Ga malamin Turanci zaune. Malam Bello, fassara muna mu ma mu ƙaru."

Malam Bello ya dubi surukinsa, ya dubi liman, ya matso. Baturen ya maimaita a hankali.

"Ya ce a hoton da anka tura mai, a bayan kuɗin, ƙarƙashin tsuntsu, mai sassaƙa hatimi ya yi kuskure ya fara rubuta hamsin, sa'an nan ya gane ya buga ashirin da biyar bisa kai. Ya ce irin wagga kaɗan ce ta rage a duniya, tun yana saurayi yake nemanta. Ya ce yana fata an bi abin da ya roƙa a waya, kar a wanke ta, kar a goge ta, kar ma a riƙe ta sai ta baki-baki."

Jama'a suka ɗauki kabbara. Wani ya ce ashe mutumin nan da gaskiyarsa. Har Dauda ya matso kusa da wayar.

Mainasara ya miƙe ya baza riga. Ko a jikinsa.

"Bello, gaya mai ya bar zancen hamsin. Wannan dattin na share mai shi. Na sa mai wadda ta hi, uku bisa biyu, aikin hannu."

Ya zaro kuɗin daga aljihu, ya hura masa iska, ya goga a riga, ya kai shi daf da wayar. Ya nuna gaba. Ya juya baya.

Baturen ya matso har hancinsa ya cika fuskar wayar. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya sake dubawa. Daga nan ya ja baya, ya rufe fuska da fararen safofin nan. Ragon suna ya yi kuka. Can sai dattijon ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Mi ya ce?" in ji liman.

Malam Bello ya sunkuyar da kai. "Allah gafarta Malam, a bar shi."

"Fassara, Malam Bello," in ji Dauda. "Kar ka rage ko wasali."

"Ya ce... da an bar ta yadda take, da ta sayi gida a garin ga har da canji. Ya ce yanzu a kai ma maƙeri ya yi zobe, in ta isa."

Baturen ya ƙara wata magana, wannan karon da ƙarfi, yana nuna su da yatsa.

"Ya ce ko wane ne ya yi wanga aiki, don Allah a karɓe guduma daga hannunai."

Fuskar wayar ta yi baƙi.

"Sabis ne," in ji Mainasara. "Dabarar 'yan kasuwa ce, so yake ya karya farashi. Yanzu zai sake kira."

Ba wanda ya dubi wayar. Kowa ya juya wajen zaure, inda Inna Lubabatu ta fito lulluɓe da mayafi, don mata na ciki sun ji komai. Ta ratsa maza ba ta ce da kowa sannu ba, ta buɗe tafin hannu. Ya sa mata. Ta kai shi kusa da ido, ta nemi fuskar matar da ta sani tun tana yarinya, ba hanci, ba gashi.

"Ambaliya ta ci gidanmu ba ta ci ta ba," in ji Inna. "An yi gobara, an yi yunwa, uwata ta sai da zannuwanta ba ta sai da ta ba. Ashe jira take in haihi wanda ya iya."

"Inna, in kin duba ta wajen haske..."

"Rufa mani baki, kai wanga."

Daga bayan katanga muryar Mansura ta taso. "Inna, akwai bokiti cike a gida in kina so, duk irin aikinai ne!"

Mata suka fashe a ciki, maza suka kama a waje. Dauda ya kwanta a tabarma yana riƙe da ciki, har sai da liman ya buga carbi a ƙasa ya ce a ji tsoron Allah, taron suna ne. Inna ta ƙulle kuɗin a tsummansa ta koma ciki.

Aka natsu. Malam Bello ya rarrafa kusa da liman ya yi masa raɗa a kunne. Liman ya dube shi, ya dubi Mainasara, ya gyaɗa kai kamar wanda aka sauke wa kaya. Aka yi salati, aka shafa fatiha. Mainasara ya gyara hula, ya fara tashi, ya miƙa hannu gaba don karɓar gaisuwar mai takwara.

"Sunan yaro," in ji liman, "Zaharaddeen. Allah ya raya shi."

"Amin!" in ji jama'a, da ƙarfin da ba a saba ji ba.

Mainasara ya tsaya a rabin tashi, hannu a miƙe, ba wanda ya kama. Ya dubi dama, ya dubi hagu, sa'an nan ya mayar da hannun ya sosa ƙeya da shi, ya zauna.

"Ni na ba su shawara," ya ce da na kusa da shi. "Suna irin nawa ya yi ma jariri nauyi."

Na kusa da shi ya matsa. Mai rabon goro ya zo daidai kansa, ya dube shi, ya tsallake.